Yadda Ake Zagaya Tsibirin Fogo da Motar Haya Cikin Kwana Uku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan ƙasar Ringim nake magana, kuma shirin yau na direbobi ne da masu sha'awar ganin duniya.

Ku dubi taswirar Afirka ta Yamma da kyau. Wannan ɗan ɗigon da ke cikin Tekun Atlantika, yamma da Senegal, shi ne Fogo, ɗaya daga cikin tsibirai 10 na ƙasar Kabo Berde. Tsibirin gaba ɗayansa dutse guda ne mai aman wuta da ya taso daga ƙasan teku. Daga wannan gaɓa zuwa waccan wajen kilomita 25 ne, amma ƙololuwarsa, wadda suke kira Pico, ta kai mita 2,829 a sama da teku. Kuma ba mataccen dutse ba ne. Ya yi amai a 1951, ya sake a 1995, na baya-bayan nan kuma ya fara ranar 23 ga Nuwamba 2014, bai lafa ba sai cikin Fabrairun 2015.

Dalilin da ya sa na zaɓi Fogo na bar sauran tsibirai masu aman wuta shi ne hanyarsa ta fi buɗe mana. Kabo Berde tana cikin ECOWAS, don haka mai fasfo ɗin Najeriya ba ya neman biza. Sannan hannun dama suke bi a titi kamar yadda muke yi tun 1972, ba sai ka sake koyon hannu ba. Amma kada wani ya ji wannan ya ce tafiyar banza ce ta faɗi. Kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya lashe ribar riɗin shekara. Wanda abin zai fi yi wa sauƙi shi ne ɗan kasuwa ko ɗalibin da dama yana da harka a Dakar, domin daga can jirgi zuwa Praia, babban birnin ƙasar, ba wani nisa ba ne. Kuma rashin biza ba ya nufin a buɗe maka ƙofa haka kawai. Ka yi rajista ta intanet kafin ka tashi, ka riƙe tikitin komowa, da shaidar masaukin da ka kama, da katin rigakafin shawara, da abin da zai nuna kana da guzuri. Ma'aikatan shige da ficensu ba sa wasa da waɗannan.

Daga Praia zuwa Sao Filipe, babban garin Fogo, jirgin sama wajen rabin awa yake yi. Jirgin ruwa kuwa kusan awa 4, kuma tekun wurin ba ta da kunya. Wanda bai taɓa hawa ba ya shiga da cikinsa sakayau.

To, ga inda mutanenmu za su fi yin kuskuren lissafi. Hanyar da ta zagaye tsibirin wajen kilomita 80 ce, wato ba ta kai Kano zuwa Dutse ba. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Jigawa yana jin haka zai ce ai awa ɗaya ce, kafin shayi ya huce ya dawo. A Fogo ba a auna hanya da kilomita. Da hawa da gangara da kwana ake auna ta. Wani wurin kwalta ce sumul, wani wurin kuma duwatsu ne aka sassaƙa aka jera da hannu ɗaya bayan ɗaya, mota na bi tana kakkarwa har haƙoranka su riƙa haɗuwa. Ga kwazazzabai da suka gangaro daga saman dutse zuwa teku, kowanne sai hanya ta lanƙwasa ta shiga cikinsa sannan ta fito. Ka ba zagayen nan yini guda cur.

Maganar mota. A Sao Filipe ake samun ta haya, kuma motocin ba su da yawa, saboda haka a kama tun kafin a iso. Galibi masu giyar hannu ne. In otomatik kaɗai ka iya, ka faɗa tun da wuri, ko kuma ka haƙura ka ɗauki mota da direbanta, babu abin kunya a ciki. Ka tafi da lasisinka mai rai, in da hali ka haɗa da na ƙasa da ƙasa. Za su nemi kuɗin jingina. Kuɗinsu eskudo ne, kuma an ɗaure shi da yuro a kan wajen 110 duk yuro ɗaya, farashin ba ya rawa, don haka yuro za ka canza tun daga Wapa ka riƙe, naira ba ta da kasuwa a can.

Kafin ka karɓi makulli, ka durƙusa ka duba tayoyin nan huɗu, musamman gefensu, domin bakin dutsen da ya daskare daga wuta yanka yake yi. Ka buɗe but ka latsa safayar da hannunka ka ji ko da iska, ka ga jak da sifana da idonka. Ka ja birkin hannu a kan gangara, ka saki na ƙafa, ka ga ko motar za ta tsaya. Titunan Sao Filipe kansu a kan gangara suke, ba sai ka je nesa neman wurin gwaji ba. Sannan ka zagaya motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo a gaban mai ita, duk wani ƙarce da lotsawa su fito. Minti 5 ne, amma shi zai raba ku gardama ranar mayarwa.

Ranar farko kada ka yi gaggawa. Ka zaga garin, ka ga tsoffin gidajen benen nan na zamanin Turawan Fotugal, ka leƙa bakin teku ka ga yashi baƙi ƙirin. Kallo kawai, igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi. Ka cika tanki, ka ciri kuɗi a hannu, ka sayi ruwan sha katan guda. Ka gyara agogonka kuma, suna bayanmu da awa 2.

Washegari da sassafe sai zagaye, kuma shawarata ka fita ta arewa. Ga dalili. Tunda hannun dama ake bi, in ka fara ta arewa ka zagayo ta gabas zuwa kudu, kai ne a jikin dutse, masu tahowa su ne a bakin rami. In ka juya ta ɗaya ɓangaren, duk yinin nan tayarka ta dama tana leƙen teku. Baƙo a hanya, a motar da bai saba da ita ba, ya fi kyau ya jingina da dutse.

Kusa da Sao Jorge akwai wata 'yar hanya da ta gangara Ponta da Salina, inda baƙaƙen duwatsu suka kare wani lungu na teku, masunta na jan kwale-kwalensu. Daga nan kana ƙara gaba za ka ga ƙasa ta fara yin kore. Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana ɗauke da laima, in ta bugi dutsen sai ta sauke ta a wannan gefen, kudu kuma ta bar shi a bushe. Shi ya sa a gangaren da ke saman garin Mosteiros ake noman gahawa da ayaba. A Mosteiros za ka ci abincin rana, ka ƙara mai ko da kana ganin bai ragu sosai ba.

Tunda an zo maganar abinci: abincin ƙasar shi ne kashupa, daɗaɗɗen faten masara da wake, kuma sau da yawa da naman alade a ciki. Akasarin mutanen Kirista ne, ba da wata manufa suke sawa ba, haka girkinsu yake. Ka koyi cewa "sem porku", wato ban da alade, ko ka tsaya a kan kifi, wanda suke da shi sabo kullum. Masallaci ma kada ka sa ran gani a kowane gari kamar gida. Ka riƙe dardumarka da butarka, wayarka ta nuna maka alƙibla, kai matafiyi ne, kasaru ta halatta.

Daga Mosteiros hanya ta bi gabas, inda za ka riƙa ratsa tsoffin hanyoyin da narkakken dutse ya bi ya gangara teku, baƙaƙe kamar an yi gobara jiya. Ka wuce Cova Figueira, sai ka nemi hanyar da ta hau sama ta Achada Furna. Nan aikin yake. Cikin tazara kaɗan za ka hau zuwa wajen mita 1,700. Za ka ji motar ta yi sanyin jiki, kana taka totur tana amsawa da ƙyar. Ba lalacewa ta yi ba. Iska tana raguwa in an yi sama, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa duk mita 1,000. Ka sauko giya ta biyu, ka bar ta ta hau a hankali, idonka a kan allurar zafi. Kowace kwanar da ba ka ganin bayanta ka danna oda, domin Hiace-Hiace ɗin haya na wurin sun san hanyar kamar yunwar cikinsu, ba sa rage gudu don baƙo. Ka tsara tafiyarka yadda la'asar za ta same ka a sama. Hanyar nan ba ta dare ba ce.

Kana shan kwanar ƙarshe sai ga Cha das Caldeiras. Ku kwatanta akushi wanda gefe ɗaya ya ɓalle: bango na dutse ya tashi tsaye kusan mita 1,000 ya kewaye fili mai faɗin kilomita 9, gefen gabas a buɗe, Pico kuma ya tsiro a ciki. Abin mamakin shi ne mutane na zaune a cikin wannan wuri. Aman 2014 ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira, ya cinye sabon ginin hedkwatar gandun adana halittu na Fogo da aka buɗe ba da daɗewa ba. Ba a rasa rai ba, domin narkakken dutsen a hankali yake tafiya, mutane suka kwashe abin da za su iya suka fita. Yana hucewa suka dawo, wasu suka yi gini a kan daskararren dutsen tun yana da ɗumi, har daɓen ɗaki ya daɗe yana gasa ƙafa. Kana tafe za ka ga rufin tsohon gida ya leƙo daga cikin baƙin dutse, sabon gida kuma a gefensa.

Manomi ba zai tambayi dalilin dawowarsu ba. Ku ji yadda nomansu yake: rami aka haƙa a cikin baƙar tsakuwa, kurangar inabi ta kwanta a ƙasa babu rumfa babu sanda, babu ban ruwa. Tsakuwar tana riƙe laima ta hana ta tashi, ƙasar da ke ƙarƙashi kuma tana da ƙarfi. Ban da inabi akwai tuffa da rumman da ɓaure da wake. Yawancin inabin giya suke yi da shi, kuma za su miƙo maka don karamci. Ka yi godiya ka nemi cukwin awaki da gahawa a madadinsa.

A nan za ka kwana. Babu gidan mai, kuma kada ka dogara da kati, kuɗin hannu ake so. Ruwa na da tsada a wurin, a yi alwala da tattali. Da dare sanyi kan sauko ƙasa da digiri 10, saboda haka rigar sanyi da hular kunne su shiga jaka.

Mai niyyar hawa Pico ya yi magana da ɗan jagora tun da daddare, ba a hawa shi kaɗai. Ana tashi da asuba, hawan ya kai mita 1,100, awa 3 zuwa 4 ga mai lafiya, wani wurin har da hannu ake kamawa. Saukowa kuwa ta cikin tokar ake yi, ƙafa na nutsewa har ƙauri, ana gangarowa da sassarfa. Takalmi rufaffe da doguwar safa, silifa ba ta da aiki a nan. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya tsaya a ƙaramin bakin dutsen da ya yi aman baya-bayan nan, tafiyar ba ta da tsawo, kuma a nan ma zai ji warin farar wuta ya taɓa ƙasa ya ji ɗumi.

Saukowa da mota ita ce ta fi ba ni tsoro, kuma malam direba da kai nake. Akwai ɗabi'ar nan tamu ta sa mota a firi a kan gangara don a rage shan mai. Kada ka kuskura ka yi ta a Fogo. Gangara ce ta mita 1,700 zuwa bakin teku ba hutu. In ka dogara da birki kaɗai, ƙarfen zai yi zafi, man birkin ya tafasa, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa babu abin da ta kama. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Ka bar injin ya riƙe motar ko da yana kuka, birki kuma ka taka da ƙarfi ka saki, kada ka ɗora ƙafa a kai kana jan sa. In ka ji ƙauri, ka sami wuri mai faɗi ka tsaya, ka sa dutse a gaban taya, ka jira ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwa.

Sai maganar lokaci. Damunarsu gajeriya ce, daga Agusta zuwa Oktoba, kuma ruwa ɗaya mai ƙarfi kan gangaro da duwatsu kan hanya. Bayan nan ƙasa na kore, tafiya na daɗi. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu hazon nan da ke rufe mu a nan Jigawa, wanda ke hana jirgi sauka a Kano, shi ɗin dai yake ƙetara teku ya rufe su. In ya yi kauri ana soke jiragen da ke tsakanin tsibirai, wani lokaci kwana da kwanaki. Don haka kada ka sa komawarka Praia ta zo rana ɗaya da jirginka na Dakar. Ka bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani, ka kuma tambayi mai motar tun ranar karɓa nawa zai caje ka in hazo ya tilasta maka ƙara kwana da ita.