Lacca: Da Me Ake Girgiza Ƙasa Don Sa Ido Kan Iskar Kabon Da Aka Binne A Wuri Mai Nisa?

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran mahalarta, barkanku da zuwa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan an tura iskar kabon, wato CO2, cikin ƙasa don adanawa, kuma wurin yana can nesa, ba titin kirki, ba wutar lantarki, da me za a riƙa girgiza ƙasar don a san inda iskar ta nufa?

Ana tura iskar ne zurfin da ya wuce mita 800, inda zafi ya haura digiri 31, matsi kuma ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 73. A nan take curewa ta ci wuri kaɗan. Tana shiga ƙofofin dutsen yashi ta ture ruwan gishirin da ke ciki, kuma duk inda ta zauna, gudun girgiza a cikin dutsen yana raguwa. Wannan raguwa muke farauta. A aika girgiza kafin a fara turawa, a saurari dawowarta a fitar da hoton ƙarƙashin ƙasa, a sake yin haka bayan an tura, a debe hoton farko daga na biyu. Abin da ya saura shi ne iskar. A Sleipner, cikin tekun Norway, an ɗauki hoton farko a 1994, aka fara turawa a 1996, hotunan baya suka nuna iskar ta jeru hawa tara. Amma can teku ne, ruwa ne a ƙarƙashin jirgin da ke aika girgizar ko yaushe. A tudu labarin daban yake.

Bari mu yi lissafi a kan allo. A ce kaurin dutsen da iskar ta cika mita 20 ne, gudun girgiza ya sauko daga mita 3,000 a sakan zuwa 2,700. Zuwa da dawowa, jinkirin bai wuce milisakan ɗaya da rabi ba (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). To ku dubi ƙasar sama: mita biyar na sako-sakon turɓaya, gudu mita 500 a sakan, milisakan goma ke nan a tafiya ɗaya kawai. Idan ruwan sama ya sauya wannan gudu da kashi 20 cikin ɗari, an sami bambancin kusan milisakan biyu. Kun ga ruwan sama kaɗai ya isa ya binne abin da muke nema. Saboda haka a wannan aiki ƙarfin inji ba shi ne a gaba ba. Abin da ke gaba shi ne bugun yau ya zama tamkar na bara, a wuri ɗaya, a kan ƙasa ɗaya.

Babbar motar girgiza, irin wadda masu neman mai ke amfani da ita, tana sauke faranti ta danna ƙasa da ƙarfin da kan kai tan 27, ta taso daga girgiza shida ko takwas a sakan har ɗari. Hotonta babu kamarsa. Sai dai tana buƙatar hanya, man dizal, makanikai, izinin masu filaye da ayarin ma'aikata na makonni. Idan ƙasa ta jiƙe ta kafe, kuma da wuya farantin ya sake sauka daidai inda ya sauka a baya. Shi ya sa ake daɗewa ba a maimaita ba. A In Salah, cikin saharar Aljeriya, an tura kusan tan miliyan 3.8 daga 2004 zuwa 2011, amma babban hoton girgiza na 1997 sai a 2009 aka sake shi. A tsakani, tauraron ɗan Adam ne ya nuna ƙasa tana kumbura milimita kaɗan a shekara a saman rijiyoyin.

Nakiya ta fi sauƙin kaiwa inda mota ba ta zuwa. A Aquistore ta Kanada an riƙa binne kilo ɗaya a ramin mita 15, na'urorin sauraro kuma an binne su dindindin a mita 20. Amfaninta shi ne ta wuce turɓayar sama. Illarta, kowane tashi yana farfasa bangon ramin, na biyu ba zai fito kamar na farko ba, ga wahalar lasisi da tsaro. Shi kuma ƙarfen da ake ɗagawa a saki a kan faranti, kamar yadda aka yi a Ketzin ta Jamus, yana da araha amma ba ya nisa, sai ma'ajiya mara zurfi.

Yanzu ga wanda nake so mu daɗe a kansa: injin da ake kafewa wuri ɗaya. Injin lantarki ne da aka ɗaura wa sandarsa nauyi a gefe guda, aka ɗaure shi da ƙusoshi a kan dakalin kankare. Yana juyawa, nauyin yana fizgar dakalin, dakalin yana girgiza ƙasa, irin yadda fanka mai lanƙwasasshen fiffike ke kaɗa silin. Ƙarfinsa ya dogara da saurin juyi a ninke: saurin ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Injin da ke ba da tan goma a juyi 80 a sakan, a juyi 20 kashi ɗaya cikin 16 kawai zai bayar, bai kai tan guda ba. Wannan shi ne rauninsa na asali, domin girgiza mai ƙarancin bugu a sakan ita ce ke kaiwa can ƙasa.

Maganin rauni shi ne maimaici. Idan aka tara zagaye ɗari, wato aka tashi injin aka tsayar da shi sau ɗari aka haɗa bayanan, sigina tana fin hayaniya ninki goma a kan zagaye ɗaya. Mai son ninka wannan biyu sai ya yi ɗari huɗu. Mota ba za ta tsaya tana wannan ba, shi kuwa kafaffen inji ba inda za shi. Ana juya shi dama, a juya shi hagu, a haɗa su, sai a ware bugun tsaye daga na kwance. Kuma tilas a binne na'urar sauraro 'yan mitoci a ƙarƙashin dakalin, ta ɗauki ainihin abin da ya shiga ƙasa a kowane zagaye. Da wannan ake tace bayanan. Wanda ya yi tsimin wannan na'ura zai ga sauyin yanayi ya ɗauka iskar ce ta motsa.

Abokin tafiyarsa wayar faiba ce da ake sawa a bayan bututun rijiya a zuba siminti. Ana harba hasken leza cikinta, duk inda girgiza ta ja ta ko ta matse ta, hasken da ke dawowa ya sauya, sai kowane 'yan mitoci na wayar su zama kunne. A Otway ta Ostireliya an haɗa irin waɗannan injina tara da faiba a rijiyoyi biyar, aka bi sawun tan 15,000 daga ƙarshen 2020 zuwa 2021, ana samun sabon hoto duk kwana biyu. Ku kwatanta da shekara goma sha biyun In Salah.

Me ke lalacewa idan babu kowa a wurin? Ƙusoshi suna kwancewa, domin girgiza aikinta ke nan. Boris yana cin giris ya yi zafi, don haka a sa ma'aunin zafi da zai kashe injin da kansa. Dakali yana nutsewa a watannin farko, shi ya sa ake barin injin ya yi ta aiki kafin a ɗauki hoton farko, kuma a so hoton farkon ya ratsa rani da damina. Wuta ita ce babbar matsala: tashin inji yana zuƙar lantarki da yawa lokaci guda, a auna batir da inbata da wannan zuƙa, ba da matsakaicin ci ba. Lokacin rage gudu kuma injin yana mayar da wuta baya, idan ba a tanadi inda za ta ƙone ba, na'urar sarrafa gudu ta katse. Agogon inji da na faiba duk a ɗaure su da GPS, kuskuren milisakan ɗaya ya kusa cinye siginar da muka lissafa ɗazu. Faiba kuma tana zubo bayanai da kan kai terabait a rana, layin tauraron ɗan Adam ba zai ɗauka ba. Kwamfutar da ke wurin ce za ta tace ta tara, ta aiko da taƙaitacce.

A lokacin tambayoyi, wani ɗalibi ya ce: shin ke nan an sallami babbar mota?

A'a. Inji tara na nufin layi tara ne kawai girgiza ke bi zuwa kowace rijiya, abin da ya faɗa tsakanin layukan ba za a gan shi ba. Ana dasa su ne bisa hasashen kwamfuta na inda iskar za ta bi, musamman ta wajen tsagar dutse ko tsohuwar rijiya. Ranar da wani layi ya nuna jinkiri kafin lokacin da aka yi hasashe, ko ya nuna shi a saman dutsen da ya rufe ma'ajiyar, ranar ce za a rage turawa a kira motocin su ɗauki cikakken hoto.