Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Lafiya A Ɗakin Binciken Jini

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Girma Minista, da sauran manyan baƙi 'yan rakiya, a madadin ma'aikatan wannan ɗakin bincike ina yi muku barka da zuwa. Zuwanka ya faranta mana rai ƙwarai, domin aikinmu na binciken fatar jar ƙwayar jini a masu ciwon suga ba kasafai manya ke leƙo shi ba.

Ranka ya daɗe, jar ƙwayar jini faɗinta bai wuce maikiromita 7 zuwa 8 ba (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma dole ta lanƙwashe ta kutsa jijiyoyin da suka fi ta ƙunci. Fatar da ta lulluɓe ta maiƙo ne ruɓi biyu, kamar yadda masana kimiyya Gorter da Grendel suka nuna a ƙasar Holan a 1925. Da zarar ƙwayar ta gama girma, ba ta iya haɗa sabon maiƙo da kanta, sai dai ta yi musaya da wanda ke yawo cikin ruwan jini. Duk halin da jini ke ciki, fatar nan za ta kwashe shi.

Nan ciwon suga ke yin ɓarna. Idan suga ya daɗe a sama, maiƙon fatar yakan lalace, ma'aunin kolestarol da fosfolifid, wato manyan nau'o'in maiƙon fatar guda biyu, ya karkace, ƙwayar ta yi tauri. Wani maiƙo mai suna fosfatidilserin, wanda mazauninsa ɓangaren ciki ne, yakan leƙo waje, sai ƙwayar ta riƙa mannewa a bangon jijiya. A ganina, duk mai son fahimtar wahalar ido da ƙoda da ƙafar masu wannan ciwo bai kamata ya tsallake wannan ba.

Insulin, wanda aka gano a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, ba sauke suga kaɗai yake yi ba, har da sarrafa maiƙo a hanta. To amma jar ƙwaya kwana 120 take rayuwa, don haka ba a mako guda ake ganin cikakken tasirin magani a fatarta ba. Sai an bi majiyyaci wata da watanni.

Kokenmu ke nan gare ka, ranka ya daɗe: tallafin da zai ɗore tsawon wannan bibiya, da na'urorin sanyaya samfurin jini, domin maiƙo ba ya jure zafi.

Allah ya saka da alheri, ya mai da ku gida lafiya. Bismillah, mu ƙarasa ciki ka duba madubin ƙara girma da idonka.