Me Ya Sa Ake Rigima Duk Lokacin Da Aka Zaɓi Sabon Batman?

Assalamu alaikum, masu kallo.

A shekarar 1988 kamfanin finafinai na Warner Bros. da ke Amurka ya karɓi wasiƙun ƙorafi kimanin 50,000. Wasiƙa ta takarda fa, wadda sai mutum ya zauna ya rubuta, ya sayi kan sarki, ya taka zuwa gidan waya. Abin da ya harzuƙa mutanen shi ne sanarwar cewa Michael Keaton ne zai fito a matsayin Batman, gwarzon littattafan labaran zane mai sa rigar jemage yana yaƙar masu laifi.

A lokacin, da barkwanci aka san Keaton. A fim ɗin Mr. Mom na 1983 ya fito magidancin da ya rasa aiki ya koma rainon yara a gida. A Beetlejuice kuma ya fito fatalwa mai shirme, kuma daraktan wancan fim, Tim Burton, shi aka ba aikin Batman. Ga shi Keaton ba dogo ba, ba ƙaƙƙarfa ba. Ku ɗauka ɗan wasan da kuka saba gani yana ba ku dariya a finafinan Kannywood, a wayi gari a ce shi zai hau fim ɗin ramuwar gayya, ba murmushi ko sau ɗaya. Haka abin ya zo musu.

Amma tsoron nasu yana da tushe. Daga 1966 zuwa 1968 an yi wani shirin Batman a talabijin, Adam West ne jarumin. Wasa ne da raha, in an kai naushi sai a rubuta ƙarar naushin da manyan baƙaƙe a fuskar talabijin. Shekara ashirin masu karanta littattafan labaran zane suna fama da mutanen da ke ɗaukar gwarzonsu abin dariya. Alhali labarin na yaro ne da aka harbe iyayensa a gaban idonsa. A 1986 Frank Miller ya fitar da littafin labarin zane The Dark Knight Returns, ya dawo wa Batman da duhunsa da zafin ransa. Ana cikin murnar wannan sai ga sunan ɗan barkwanci. Saboda haka ba fuskar Keaton ce ta dame su ba. Tsoro suke kada a sake mayar musu da labarin wasan yara.

Kamfanin ya gane haka. A ƙarshen 1988 aka yi gaggawar fitar da gajeren tallan fim ɗin, ko kiɗa ba a sa masa ba. Mutane suka ga Gotham, birnin da Batman ke zaune a labarin, cikin duhu, suka ga baƙar rigar, suka ji yadda Keaton ya saukar da muryarsa. Hayaniya ta lafa. Fim ya fita a watan Yunin 1989, ya tara sama da dala miliyan 400 a duniya.

Yanzu ku dubi kishiyar wannan. A 1997 George Clooney ya sa rigar. Kyakkyawa ne, yana da cikar zati, duk wanda ya gan shi zai yarda attajiri Bruce Wayne ne, wato Batman in ya cire riga, kuma ba a yi irin waccan tarzomar ba. Sai ga Batman and Robin ya fito da abin da aka ji tsoro tun farko: fitilu kala-kala, bos Arnold Schwarzenegger, wanda ya fito mugu mai daskarar da mutane, ba ya buɗe baki sai da zolaya a kan ƙanƙara, har da inda Batman ya zaro katin banki mai ɗauke da sunansa. Clooney da kansa ya sha ba da haƙuri a kan fim ɗin. Sai da aka shekara takwas babu sabon fim ɗin Batman mai 'yan wasa, kafin Christopher Nolan ya zo da Batman Begins a 2005.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Heath Ledger. A 2006 aka ce wannan matashi ɗan Ostareliya zai fito Joker, babban abokin gabar Batman. Lokacin intanet ta kankama, zagi ya yi ta zuba. An san shi da finafinan soyayya, ga kuma Jack Nicholson ya riga ya kafa tarihi a wannan matsayi tun 1989. Ledger bai tanka ba. Ya shige ɗakin otal a Landan na makonni, yana rubutu a littafi, yana gwada murya da dariya. Ku kalli abin da ya fito da shi: kwalliyar fuska a dame kamar ya kwana da ita, harshe yana yawan lasar tabon gefen baki, kafaɗu a rankwafe, magana a hankali sannan ta fashe ba zato. Ya rasu a watan Janairun 2008 yana da shekara 28, wata shida kafin The Dark Knight ya fita. Fim ɗin ya haura dala biliyan 1, aka ba shi kyautar Oscar a 2009 bayan ba ransa. Bai ji yabon mutanen da suka zage shi ba, kuma wannan abin takaici ne.

Ba a ɗauki darasi ba. A 2013 dubban mutane suka sa hannu a takardun koke don a cire Ben Affleck daga matsayin Batman, suna tuna masa fim ɗinsa Daredevil na 2003. A 2019 da aka zaɓi Robert Pattinson, aka yi masa gorin finafinansa na Twilight, sai The Batman na 2022 ya samu karɓuwa sosai. A ganina, wajen hukunta ɗan wasa da aikinsa na baya, masoya sun fi yin kuskure fiye da dacewa. Akwai ma ƙorafin da ba shi da uzuri ko kaɗan, irin cin mutuncin da aka yi wa Michael B. Jordan saboda baƙar fata ne aka ba shi matsayin Human Torch, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin Fantastic Four na 2015. Wannan wariya ce, ba kishin labari ba.

Inda nake ba su gaskiya shi ne batun hali da yanayin fim. Da Batman v Superman ya fito a 2016, da yawa sun yarda Affleck ya yi ƙoƙari. Abin da suka kasa haɗiyewa shi ne Batman yana kisa ba ƙyaftawa, alhali ƙin kisa na cikin abubuwan da aka daɗe da sanin sa da su a littattafai. Wanda ya shekara da shekaru yana karanta labarin yana da hakkin ya ce wannan ba mutumin da na sani ba ne.

Sai dai kamfanin Warner Bros. ya fahimci koken a baibai, ya ɗauka raha ce ta yi ƙaranci. Ana tsakiyar aikin Justice League, fim ɗin da ya haɗa Batman da wasu jarumai, darakta Zack Snyder ya janye bayan rasuwar 'yarsa, aka kawo Joss Whedon ya sake ɗaukar wasu sassa, ya cusa barkwanci. Fim ya fita a 2017 rabi duhu rabi wasa, bai gamsar da kowa ba. Daga nan wani ɓangaren masoyan ya tashi da gangamin a saki ainihin aikin Snyder. Sun ɗauki hayar allunan talla, sun tara kuɗi wa ƙungiyar hana kashe kai, wasu kuma a cikinsu suka riƙa tsangwamar ma'aikatan kamfanin da masu sharhin fim, abin da ya ɓata wa gangamin suna. A watan Maris na 2021 Warner Bros. ya saki fim ɗin a manhajar HBO Max, tsawonsa awa huɗu, bayan an ƙara kashe kusan dala miliyan 70 wajen kammala shi.