Me Ya Sa Talbijin Ɗin Rana Kullum Ko Ana Haƙa Rami Ko Ana Yaƙi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba gada za mu yi magana a kai ba, ba kuma jirgi ba, su kansu shirye-shiryen da ke nuna mana gadar da jirgin za mu baje a faifai.

Kun dai san irinsu. Ka kunna talbijin wajen ƙarfe biyu na rana, ba ƙwallo ba labarai, kana ta canza tasha sai ka faɗa kan wata murya mai kauri tana cewa wannan injin nauyinsa tan kaza ne, kuma in aka kuskure ko da ɗan kaɗan to shikenan komai ya rushe. Ka ce bari in ɗan kalli minti biyar. Kafin ka ankara an gama, an sako na yaƙin duniya na biyu, shi ma an gama, ga wani bature zaune cikin jirgin ƙasa yana leƙen taga yana murmushi. Injiniyanci, tarihi, tafiye-tafiye. Kullum su ukun nan, kuma akwai dalili.

Tashar Discovery ta fara aiki a Amurka a 1985, wani mutum John Hendricks ya kafa ta, kuma da farko yawancin abin da take nunawa sayo shi take yi daga wasu. History ta biyo baya a 1995, National Geographic ta buɗe tata a 1997. To tasha in ta ce awa 24 za ta yi kullum, ai ta ɗauro wa kanta aure da cike lokaci. Da daddare mutane sun dawo gida, masu talla na biyan kuɗi da tsoka, nan ake sa sabon shiri. Da rana kuwa 'yan kallo kaɗan ne, kuɗin talla ba yawa, saboda haka ana neman abin da za a maimaita sau ɗari bai yi tsami ba. Labaran jiya sun mutu yau. Amma dam ɗin da aka gama a 1936 yana nan inda yake, shirin da aka yi a kansa shekara goma baya ka sa shi gobe ba wanda zai ce uffan.

Sannan akwai wani sirri da ni ya fi burge ni, wato mai bayanin ba a ganinsa. Ku ɗauki How It's Made, wanda aka fara a Kanada a 2001, da wuya ka ga fuskar mutum, hannaye ne kawai da injuna da bel yana tafiya da kwalabe. An yi hakan ne yadda za a cire muryar a ɗora wata, na Amurka da mai maganarsa, na Ingila da nasa, wata ƙasar a sa harshenta, hoton dai ɗaya. Kaya ne da aka ɗinka don ya shiga kowace kasuwa.

Yanzu mu zo kan abin da ke ba mutane haushi, maimaici. Shirin awa ɗaya a tashar kasuwanci ta Amurka minti arba'in da 'yan kai ne, sauran duk talla. Ana yanka shi gida-gida, kuma furodusa ya san duk sanda aka tafi talla za ka iya ɗaukar rimot, don haka kafin a tafi sai an rataye ka da tambaya, in an dawo kuma sai an sake faɗa maka duk abin da ka riga ka ji saboda wanda yanzu ya shigo. Shi ya sa in ka kalli irin wannan a intanet ba talla sai ka ji kaman mai bayanin yana da mantuwa.

Misali mai kyau shi ne ramin jirgin ƙasa da ya bi ta ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Tsawonsa kilomita 50, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa, kuma ramuka uku ne ba ɗaya ba, biyu na jirgi ɗaya a tsakiya na ma'aikata da gyara. An fara haƙa a 1988 da manyan injunan haƙa guda 11, wasu daga wannan gaɓa wasu daga waccan. Tambayar da shiri ke rataye ka da ita kafin talla ita ce, anya za su haɗu a tsakiya kuwa, ko za su wuce juna cikin duhu? A sa kiɗa mai tada hankali. Alhali injiniyoyin na da leza da awo, kuma tun ƙarshen Oktoba 1990 suka tura wani siririn ƙarfen gwaji ya ɓulla ɗaya gefen, saɓanin bai kai rabin mita ba. Ranar 1 ga Disamba da ma'aikacin Ingila Graham Fagg da na Faransa Philippe Cozette suka yi musabaha ta cikin huda, kyamarori na tsaye suna jira, kowa ya san za a haɗu. Aikin da ya fi wuya shi ne bin wani shimfiɗaɗɗen alli mai haɗe da laka da ke ƙarƙashin tekun, mai sauƙin haƙa kuma ba ya barin ruwa ya wuce sosai, in ka fita daga cikinsa sama ko ƙasa ka shiga uku. Abin da kuma ya fi hana shugabannin aikin barci kuɗi ne, don kafin a buɗe a 1994 kuɗin ya haura abin da aka tsara da kusan kashi 80 cikin 100. Amma ta yaya za ka ɗauki hoton bashin banki? Ba ya juyawa, ba ya ƙara, ba ya tada ƙura. Sai a ba shi jimla biyu a koma kan injin.

Nan ne na ke so ku riƙe, abin da kyamara ta kama shi ke zama labari. Akwai wata gada da ko ba ka san sunanta ba ka taɓa ganinta, tana murɗewa kaman tsumma ana matsewa, mota ɗaya tsaye a kai. Gadar Tacoma ce a jihar Washington ta Amurka, an buɗe ta Yuli 1940 ta faɗi 7 ga Nuwamba na shekarar, wata huɗu kacal. Iskar ranar ba ma guguwa ba ce, wajen kilomita 65 a awa, sai dai shimfiɗar gadar siririya ce mara kauri, da ta ɗan murɗa sai yadda iska ke dukanta ya canza ya ƙara murɗa ta, murɗawar ta sake ƙara wa iskar ƙarfi a kanta, haka haka har ta tsinke. Ba mutum ko ɗaya da ya mutu, kare ne kawai da aka bari cikin motar nan, wani farfesa ma ya je ceto shi ya cije shi. To a 1907 wata gada da ake ginawa a Kwibek ta Kanada ta rufta ta kashe ma'aikata 75, da yawansu 'yan ƙabilar Mohawk ne, 'yan asalin yankin. Sau nawa kuka gan ta a talbijin? Ta Tacoma ta yi suna ne saboda masu wani shagon kyamara a garin sun garzayo sun ɗauka. Ta Kwibek sai hotunan tarkace bayan an gama.

Haka batun yaƙi. A shekarun farko har tsokanar History ake ana ce mata tashar Hitler, tsabar yawan shirin yaƙin duniya na biyu, kuma dalilin shi ne fim ɗin yaƙin nan jibge yake a ma'ajiya, an riga an ɗauka, ba sai ka tura kowa ko'ina ba. Kamfanin British Pathé kaɗai ya zuba fina-finai kusan 85,000 a YouTube a 2014. Sai dai ku lura da abu biyu zuwa uku. Yawancin kyamarorin fagen daga ba sa ɗaukar sauti, saboda haka ƙarar igwa da kukan tankar da kake ji a situdiyo aka ɗora su daga baya. Sojojin yaƙin duniya na farko da kake gani suna tafiya da sauri-sauri kaman 'yan wasan barkwanci, ba haka suke tafiya ba, kyamarar da hannu ake juya ta tana ɗaukar hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa, in aka kunna a 24 ko 25 dole su yi gudu. Kalar da ake shafa wa tsofaffin fina-finai kuma, kakin soja an san launinsa don yana gidan tarihi, amma rigar wata mata da ke tsaye bakin titi ai sai dai a yi hasashe. Har shahararren hoton nan na 1916 na sojojin Birtaniya suna haurowa daga ramin yaƙi a Somme ta Faransa wasu na faɗuwa, masana sun daɗe da cewa ba a fagen daga aka ɗauke shi ba, shirya shi aka yi a bayan fage.

Kuma waye ya riƙe kyamarar? A yaƙin duniya na biyu sojan Jamus na da rundunar farfaganda ta musamman masu ɗaukar fim, sauran ƙasashen ma kowa da nasa, kowa na ɗaukar abin da gwamnatinsa ke so a gani. Indiya ta ba da sojoji sama da miliyan 2 a yaƙin nan, amma ka kwana kana kallo da ƙyar ka ga an tsaya a kansu. Shi ya sa ni har gobe ina girmama shirin The World at War na 1973, mai kashi-kashi har 26, don su ba su dogara da tsohon fim kaɗai ba, sun bi mutanen da ransu sun zaunar da su, har da sakatariyar Hitler, Traudl Junge, da ministansa na makamai Albert Speer. Wannan damar ta wuce, ba mai sake samunta.

Mashigin Panama, hanyar jiragen ruwa da aka haƙa ta haɗa tekun Atlantika da na Pasifik, ma haka ake yi masa. Za a nuna maka katun na kwamfuta yadda ƙofofi ke rufewa ruwa ya ɗaga jirgi hawa-hawa har mita 26 zuwa tafkin Gatun sannan a sauke shi ɗaya gefen, kuma gaskiya katun ɗin na da amfani, a minti ɗaya ka gane abin da shafi goma ba zai ganar da kai ba. Za a faɗa maka Faransawa sun fara a 1881 sun kasa, mutum wajen 22,000 suka mutu yawanci da zazzaɓin cizon sauro da shawara, sai Amurka ta karɓa a 1904, likita William Gorgas ya yaƙi sauro, aka buɗe a 1914. Duk gaskiya ne. Abin da ake wucewa da gudu shi ne wa ya riƙe shebur ɗin. Dubban leburori daga Barbados da sauran tsibiran Karibiyan ne, kuma rajistar albashi biyu aka yi, ta zinare ta fararen Amurkawa, ta azurfa ta sauran, kuma rabon bai tsaya a kuɗi ba har wurin kwana da wurin cin abinci daban. Cikin mutum kusan 5,600 da suka mutu a zamanin Amurkawan, mafi yawa daga rajistar azurfar ne.

Na tafiye-tafiye ba zan daɗe a kai ba, wasa ɗaya kawai zan koya muku. In mai gabatarwa ya ƙwanƙwasa ƙofa aka buɗe ana mamaki ana ah sannu da zuwa, ku duba daga ina aka ɗauki hoton. In daga cikin gidan ne, to mai kyamara ya riga shi shiga, ya kafa fitila, wataƙila ma wannan ne karo na uku da aka buɗe ƙofar. Haka in an nuno shi cikin jirgin ƙasa sai kuma a nuno jirgin daga kan tsauni yana wucewa, wannan wata rana ce daban. Michael Palin, wani ɗan wasan Birtaniya da BBC ta nuna zagayen duniyarsa a 1989, abin da mutane suka fi tunawa shi ne kwanakin da ya yi cikin jirgin ruwan katako daga Dubai zuwa Bombay ta Indiya tare da matuƙa 'yan Gujarat, kuma ina ganin don a tsakiyar teku ba yadda za a yi a shirya komai ne.

Kar fa ku ce na tsani shirye-shiryen nan, wallahi ni ɗan gari ne a kallonsu, kuma akwai abin da a nan na fara jinsa. Siminti in yana daskarewa zafi yake fitarwa. Dam ɗin Hoover da ke kan kogin Kolorado tsayinsa mita 221, injiniyoyi suka lissafa cewa in aka zuba kankaren a dunƙule zai haura shekara 100 bai huce ba, kuma yana hucewa yana tsagewa. Sai suka zuba shi tubali-tubali, suka shimfiɗa siraran bututun ƙarfe a ciki sama da kilomita 900, aka fara tura ruwan kogi, sannan ruwan sanyi daga wata masana'antar ƙanƙara da aka gina a wurin don wannan aikin kaɗai. Da kowane sashe ya huce sai a ɗura wa bututun ruwan siminti a toshe shi, suna nan ciki har yau. Wannan ma shi ke ƙaryata zancen da ake yawo da shi wai akwai gawarwakin ma'aikata cikin bangon. Mutane sun mutu a aikin, alƙaluman hukuma 96 ne, amma kowane bokitin kankare in aka juye cikin faffaɗan tubalin nan 'yan santimita kaɗan yake ƙara masa tsayi, ga mutane tsaye a ciki da takalman roba suna tattake shi don fitar da iska, ko ƙafarka ce ta nutse jawo ta kawai za ka yi.