Darasi: Yadda Manhajar Haskell Take Karanta Layin Umarni

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar wannan darasi daga nan Birnin Kebbi da sauran wurare. Yau za mu duba yadda manhajar da aka rubuta da harshen Haskell take fahimtar abin da mutum ya rubuta bayan sunanta a layin umarni, wato wurin da ake ba kwamfuta umarni ta hanyar rubutu.

A ce wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu tana son manhaja mai suna buhu, wadda za ta karanta fayil ɗin girbi ta fitar da nauyin abin da kowane manomi ya kawo. Ku dubi allo, ga abin da sakataren zai rubuta: buhu -v --kilo=100 girbi.txt. Idan muka kira getArgs, wanda yake cikin System.Environment, zai miƙo mana jerin rubutu guda uku, kuma a wurinsa wannan 100 ɗin haruffa ne kawai, ba lamba ba.

Domin rarrabe su, akwai System.Console.GetOpt a cikin kunshin base, wanda yake zuwa tare da Haskell, saboda haka ba sai kun ƙona data wajen sauko da wani abu ba. Kowane zaɓi, wato rubutun da ya fara da alamar - irin su -v da --kilo, ana bayyana shi da abubuwa huɗu: gajeren harafinsa, dogon sunansa, abin da yake karɓa, da bayaninsa. Wanda ba ya karɓar komai, kamar -v, ana ba shi NoArg, wanda kuma dole a biyo shi da ƙima, kamar --kilo, ana ba shi ReqArg. Da muka kira getOpt tare da Permute, wanda yake bari a cakuɗa zaɓuɓɓuka da sauran rubutu ta kowane tsari, sai ya dawo da zaɓuɓɓukan da ya gane, da ragowar rubutun da ba zaɓi ba, wato girbi.txt, da kurakurai idan akwai.

A nan nake so ku natsu sosai. A harshen C, mai rubutu yakan sauya ƙimar wani ma'aji duk lokacin da ya ci karo da zaɓi, amma a Haskell ƙima ba ta sauyawa bayan an kafa ta. Hanyar da na fi aminta da ita ita ce a mayar da kowane zaɓi fankshan, wanda zai karɓi kundin saituna ya dawo da sabon kundi mai gyara guda ɗaya. Sai a fara da saitunan asali, a bi da su ta cikin jerin da foldl daga hagu zuwa dama, kuma wannan ne ya sa idan aka rubuta --kilo sau biyu, na ƙarshen ne zai tsaya.

Ina roƙonku kada ku yi amfani da read wajen mayar da rubutu lamba. Idan sakataren ya rubuta --kilo=ɗari, tun da Haskell ba ya lissafa abu sai an buƙace shi, manhajar tana iya yin nisa cikin aiki kafin ta faɗi da saƙon da ba zai gane ba. Ku ɗauko readMaybe daga Text.Read, ku tantance ƙimar tun a ƙofa kamar yadda ake auna buhu kafin ya shiga sito, idan ta dawo Nothing, wato rubutun ba lamba ba ne, ku nuna masa jerin zaɓuɓɓuka da bayaninsu da usageInfo yake haɗawa ku tsayar da aikin.

Aikinku na gida shi ne ku ƙara zaɓin --gari, wanda zai ware manoman Yauri ko na Bagudo kaɗai. A darasi na gaba, in Allah Ya yarda, za mu sake gina buhu da optparse-applicative, wani kunshin karanta layin umarni na Paolo Capriotti.