Idan Kwamfuta Ta Ce Kada A Kashe Ta

An rubuto wannan ne daga faifan wata lacca da aka yi wa masu shagunan buga takardu, masu gyaran kwamfuta da ɗalibai. An rage maimaici da gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da ke gaba, malamai, 'yan'uwa abokan sana'a, ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Akwai wani rubutu da kusan kowa a ɗakin nan ya taɓa gani ransa ya ɓaci. Kwastoma na tsaye, takardarsa za a kai ofis kafin azahar, janareta na shan mai a waje, ka kunna kwamfuta sai ga ta tana lissafi, kashi 30 cikin 100, wai tana sabunta kanta, kada a kashe ta. Ba ka roƙe ta ba, ba ta yi shawara da kai ba. In ka yi sa'a ta gama cikin minti 20. In ba ka yi ba, ta gama firinta ta daina aiki, ko sauti ya ɗauke, ko ma ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Wannan abu ba ya zuwa kwatsam kamar yadda muke zato, yana da rana. Tun 2003 kamfanin Microsoft, mai manhajar Windows da kwamfuta ke tashi da ita, ya ware Talata ta biyu a kowane wata don fitar da gyare-gyaren tsaro. Suna saki da ƙarfe 10 na safe a agogon yammacin Amurka, wanda ya yi daidai da wajen magariba a nan. Shi ya sa safiyar Laraba da ta Alhamis ne masu gyara suka fi ganin mutane da kwamfuta a hammata. Ban da wannan na wata-wata, akwai babba da ke zuwa sau ɗaya a shekara, wanda kusan sabon Windows ake ɗora maka a kan tsohon. Kafin Windows 10, wanda ya fito a Yulin 2015, mutum na iya cewa a sanar da shi kawai, shi zai zaɓi abin da zai ɗauka. Da 10 ya zo sai aka ƙwace wannan zaɓi daga hannun masu nau'in Home, wato na amfanin gida. An yi ta ƙorafi har 2019 kafin a ba su damar dakatarwa na ɗan lokaci.

Masu ƙorafin kuma suna da gaskiya, ban zo in wanke kowa ba. A Oktoban 2018 babbar sabuntawar da aka fitar ta goge wa wasu mutane takardu da hotunansu, dole kamfanin ya janye ta cikin kwanaki kaɗan, bai maido ba sai tsakiyar Nuwamba. A Maris na 2021, wannan ya shafe ku masu shago kai tsaye, an fitar da wata da in ka danna a buga takarda a wasu firintoci, irin su Kyocera da Ricoh, sai kwamfutar ta faɗi ta nuna shuɗin allo. Na ji wani a can yana cewa 2024. E, ranar 19 ga Yulin 2024 kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka durƙushe a duniya, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Amma a yi adalci, wannan ba daga Windows ya fito ba, daga wani kamfanin tsaro ne mai suna CrowdStrike da ya tura wa manhajarsa gyara mai matsala. Hanyar dai iri ɗaya ce: an tura wa kowa a lokaci guda, ba a tambayi kowa ba.

To saboda irin wannan ne wasunmu masu gyara suka ɗauki wata al'ada. Mutum ya kawo kwamfuta, sai a shiga ciki a kashe sabuntawar har abada, a ce masa, "Alhaji, na rufe maka ita, ba za ta sake damun ka ba." Alhaji ya yi godiya ya ƙara ɗari biyar. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ga dalilina. A Maris na 2017 Microsoft ya toshe wata ɓaraka a Windows. Wata biyu bayan haka, ranar 12 ga Mayu, aka saki wani mugun bairos mai suna WannaCry da ke shiga ta wannan ɓarakar, ya kulle duk abin da ke cikin kwamfuta, ya nemi kuɗin fansa. Ya shiga ƙasashe kusan 150. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya da aikin tiyata. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗora gyaran Maris ba. Kai da kwamfutarka ke karɓar filashin mutum hamsin a rana, ake buɗe imel ɗin kowa a kanta, ake cike wa ɗalibai fom da bayanan banki, kai ne na ƙarshen wanda ya kamata ya kashe sabuntawa. Abin da nake so shi ne ka riƙe linzamin: ta sabunta, amma ranar da ka ga dama.

Shiga Settings, ka je Windows Update, za ka ga wurin dakatarwa. Yana ba ka har kwana 35. Ba sai ka cinye su duka ba. Ranar Litinin kafin Talata ta biyu ka dakatar na sati ɗaya ko biyu, ka bar masu gaggawa su fara taka ƙayar. In akwai matsala, cikin wannan lokaci an yi ihu a duniya, galibi an gyara ko an janye. Mai kwamfuta biyar a shago ya saki guda ɗaya tukuna, ya gwada firinta da sikana da manhajar zane ta CorelDraw, sannan ya saki sauran. A wurin nan dai akwai Active hours, inda za ka nuna mata lokacin aikinka, har awa 18, ba za ta sake kunna kanta a ciki ba.

Sai data. Ka haɗa kwamfuta da wayarka don tura takarda ɗaya, kafin ka ankara gigabait biyu sun tafi. Kwamfutar ba ta san cewa da kuɗin cefane ka saya ba. Shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin ka kunna Metered connection, za ta rage jan kaya, sai abin da take gani ya zama dole.

Amma abin da ya fi kashe mana kwamfuta a nan shi ne wuta, kuma a nan nake so in daɗe. Lokacin da take cewa kada a kashe ta, tana cikin cire tsofaffin fayilolin da take tashi da su ne tana sa sababbi. In aka ɗauke wuta a tsakiya, wani lokaci tana iya komawa baya da kanta, wani lokaci kuwa sai ta tsaya rabi tsoho rabi sabo. Yawancin kwamfutocin da ke zuwa hannunmu Beljiyam ne, batirinsu ba ya riƙe minti goma, na tebur kuma babu UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci. Sai mutum ya ce sabuntawa ta ɓata masa kwamfuta, alhali NEPA ce ta yanke aikin. Saboda haka ka zaɓi lokacin da ka tabbatar da wuta, ko sola ko janareta mai mai a ciki, ka danna da hannunka, ka zauna har ta gama. In kuma ka ga ta maƙale a lamba ɗaya, kada ka yi saurin danne maɓalli. Tsohuwar kwamfuta mai faifan ajiya irin na da tana iya yin awa biyu tana aiki, lambar ba ta motsa ba. Duba 'yar fitilar da ke ƙiftawa, in tana ƙiftawa aiki take.

Kafin duk wannan, kwafe aikinka a wani faifai na waje. Furojet ɗin ɗaliban da ke hannunka amana ne. Ka kuma kunna System Restore, wanda ke iya mayar da Windows yadda take kafin matsala, domin a kwamfutoci da yawa a kashe yake zuwa.

Akwai wani tarko sabo da mutane ba su sani ba, BitLocker. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle faifan ajiyarsu da kansu, makullin kuma lamba ce mai alƙaluma 48 da ake ajiyewa a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi. A Yulin 2024 wata sabuntawa ta sa wasu kwamfutoci suka tashi suna neman wannan lamba. Yanzu ku gaya mini, wa ya buɗe muku asusun? Yaron shagon da kuka sayi kwamfutar, da imel ɗin da shi kansa ya manta. In babu lambar nan, babu injiniyan da zai ciro maka komai, ko kamfanin ba zai iya ba. Yau in kun koma gida ku nemo ta ku rubuta a takarda.

In kuma aikin gama ya gama, kada a fara da fomatin. Idan tana tashi, je Update history, ka cire ta ƙarshen da ta shiga, sannan ka dakatar don kada ta dawo da daddare. Idan ba ta tashi, kunna ta, da ta fara nuna tambarin Windows ka danne maɓallin wuta ta mutu, ka maimaita sau biyu zuwa uku, za ta kai ka wurin gyara, a can ma akwai hanyar cirewa. Babbar ta shekara kuwa kwana 10 kacal aka ba ka ka koma tsohon, bayan nan sai ta share shi.

Malama a can tana da tambaya. Bismillah, Malama. Ta ce tata Windows 10 ce, kuma an ce mata ba za ta ɗauki 11 ba. Gaskiya aka faɗa miki in ta tsufa, domin 11 yana buƙatar wani guntun tsaro, TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar kwamfutar ta kamfanin Intel ce, sai daga zubi na 8 zuwa sama. Ranar da aka sa don daina tallafa wa Windows 10 ita ce 14 ga Oktoban 2025, da ƙarin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajistar shirin tsawaitawa. Akwai masu yi wa tsohuwar kwamfuta dabara su cusa mata 11, tana aiki, amma kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da tura mata gyara ba. In aikinki rubutu ne da intanet, a sa miki Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne, kuma ba ya ɗora komai sai kin yarda. In kuma CorelDraw ne abincinki, ba ya tafiya a can, sai ki raba wannan kwamfutar da intanet ki bar ta wa zane kawai, harkar banki da imel ki yi a waya.