Kuskuren Bugu Ko Ɓarnar Hannu? Lacca Kan Tara Sulallan Ƙasashen Duniya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Duk mai tara sulalla, da zarar ya ga wani abu baƙo a jikin tsabar da ke hannunsa, sai zuciyarsa ta ce ya yi tsintuwa. Kafin murna, tambaya ɗaya nake so ku riƙa yi: wannan abin a gidan buga kuɗi ya faru, ko bayan sulen ya shiga hannun jama'a? Na farkon shi ne kuskure, masana na nemansa ido rufe. Na biyun ɓarna ce, rage daraja take yi.

Ana buga sule ne da hatimi biyu na ƙarfe, na sama da na ƙasa, su matse falle ɗaya a tsakaninsu. Idan matsalar a jikin hatimin take, duk sulen da ya buga zai fito da ita iri ɗaya. A 1955, a gidan buga kuɗi na Filadelfiya a Amurka, zanen ya hau hatimin kwabo mai hoton Shugaba Lincoln sau biyu ba a daidai ba. Shekarar da haruffan suka fito biyu-biyu, ko ba gilashi za ka gani. Amma a kula, akwai wani ninkin da ke faruwa idan hatimi ya ɗan motsa lokacin bugu. Shi wannan a shafe yake, ba tudu, kuma kusan ba ya ƙara komai. Sababbin shiga da yawa a nan suke faɗawa.

A 2008 Birtaniya ta sauya zanen sulallanta, ta ɗauke shekara daga bayan sulen peni 20, ta mayar gaba. Sai aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya, aka samu peni 20 da ba shekara ko ta wane ɓangare. Wannan kuskure ne na gaske, domin babu wanda zai iya yinsa a gida ba tare da ya bar alamar kankara ba.

Misalin da na fi so shi ne na 1943. Saboda yaƙi, Amurka ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya don a tanadi tagulla, amma 'yan ƙalilan suka fito da tagulla bisa kuskure. Tsadarsu ta sa 'yan damfara shafa wa na ƙarfen ruwan tagulla, wasu kuma su kankare 8 ta 1948 ta koma 3. Don gano wanda aka shafa wa ruwan tagulla, maganaɗisu kawai za ka kanga: in ya manne, jabu ne. Sannan ka ɗora a ma'auni, na tagulla giram 3.11 ne, na ƙarfe 2.7, amma waɗannan gwaje-gwajen biyu ba sa kama na 1948 da aka kankare.

Suɗewa kuwa, wato cinyewar sule saboda yawo a hannu, daga wuraren da suka fi tudu take farawa: kunci, gashin kai, fikafikan tsuntsu. Karkata sulen a ƙarƙashin fitila, ka juya shi a hankali. Inda ƙyallin bugu ya yanke ya zama dushi-dushi, nan hannaye suka ci. Masu tantancewa na amfani da ma'aunin Sheldon na 1949 wajen auna lafiyar sule, daga maki 1 zuwa 70.

Ita ɓarna tana tona kanta. Idan an ƙarje sule, ƙarfen da aka ture yakan taru a bakin ƙarzuwar kamar kunya a gona. Tsagewar hatimi kuwa layi ne siriri da ya taso sama, bai nutse ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanke sule. Don Allah kada ku goge shi da man goge ƙarfe ko buroshi. Duhun da shekaru suka sa masa ba datti ba ne, kuma ƙananan layukan da gugar ke bari ba sa gyaruwa har abada. Ku riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Ku kuma guji ajiye shi a lallausar ledar roba ta PVC, domin da daɗewa takan bar wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfen.

Wanda ya zo da sulensa ya matso kusa da fitilar, mu duba tare.